Ka Dawo Jibi: Tarihin Jiran Awon Maƙogwaro a Ƙasar Malumfashi

A cikin duk maganganun da ake ji a bakin tagar ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, da wuya a samu wadda ke ɓata wa manomi rai kamar “ka dawo jibi”. Mutum ya baro Mahuta da sassafe, ko ta Ƙafur ce ko ta Dandume, ya biya ɗan acaɓa, ya biya mota, ya kawo yaron da ko koko ba ya iya haɗiya saboda ciwon maƙogwaro. An sa yaron ya buɗe baki, an goga masa ’yar auduga can ciki, sai kuma a ce babu amsa yau, wataƙila gobe, amma dai jibi ta fi tabbas. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a kan jan rai ko lalacin ma’aikata. Ma’aikaci ba shi da hannu a ciki. Ƙwayar cutar ce ta yanka wa’adin, kuma mutane sun fi shekara ɗari suna ciniki da ita a kan ta rage. Wani yanki na wannan ciniki a Zariya da Malumfashi aka yi shi.

Ƙwayar da ake farauta a irin wannan awo ita ce Streptococcus pyogenes, wadda likitoci ke gajarta wa suna su ce sitiref. Wani likitan tiyata, Theodor Billroth, shi ya ba danginta suna a 1874, bayan ya gan su a jere sarƙa-sarƙa a cikin miki. A 1879 Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa ita ce ke kashe mata da zazzaɓi bayan haihuwa, sannan a 1884 Friedrich Rosenbach ya raɗa mata cikakken sunan da take amsawa har yau.

Ganinta a madubin likita bai isa ba, don bakin kowane mai lafiya cike yake da ’yan uwanta masu kama da ita sak, waɗanda ba sa cutar da kowa. Dole a rene ta, ta yi yawa, ta nuna halinta. Aikin noma ne a cikin faranti: a gyara wuri, a shuka, a jira tsiro, sannan a bambance shuka da ciyawa. Robert Koch na Jamus ya fara da yankakken dankalin Turawa, ya koma kan wani daskararren romo, amma romon yakan narke da zarar an kai shi zafin jikin mutum, wanda kuwa shi ne zafin da ƙwayar ke so. Mafita ta fito daga madafi. Fanny Hesse, matar wani mai aiki tare da Koch, ta ba da shawara a 1881 a gwada aga, wani abu da ake samu daga ciyawar teku, wanda ta san mutanen Jaba ta ƙasar Indunusiya suna daskarar da abinci da shi a ƙasarsu mai zafi. Aga ba ya narkewa sai zafi ya kusa digiri 85. A 1887 Julius Petri ya zo da farantin gilashi mai murfi. Akwatin ɗumin da ake saka farantan ma yana da dangantaka da kiwon kaji, domin Charles Hearson na Landan ya fara suna ne da na’urar ƙyanƙyasar ƙwai kafin ɗakunan gwaji su karɓi fasaharsa ta daidaita zafi.

Saura jini. A 1903 Hugo Schottmüller na Hambag ya gauraya jini a cikin aga, ya ga wasu ƙwayoyin suna narkar da jinin da ke kewaye da su har wurin ya washe tas, wasu kuma sai dai su bar shi kore-kore. James Brown ya tsara wannan bambanci a 1919. Rebecca Lancefield ta Cibiyar Rockefeller da ke New York ta kasa masu narkar da jinin rukuni-rukuni a 1933, ta nuna cewa mai addabar maƙogwaron ɗan Adam ita ce rukunin A. A 1953 W. R. Maxted na Ingila ya ƙara wata ’yar dabara mai arha: a ɗora ƙaramar takarda mai ɗauke da maganin basitirasin a kan shukar, idan rukunin A ce ba za ta tsiro kusa da takardar ba. Ma’aikacin da ya ɗaga jan faranti sama yana duba shi a hasken taga a Funtuwa yau, aikin waɗannan mutane yake maimaitawa.

Lissafin jiran ba shi da wuya. Ƙwaya ɗaya takan rabu biyu cikin ƙasa da awa ɗaya idan ta samu abinci da ɗumi. Rabuwa ashirin a jere tana mayar da ƙwaya ɗaya ta zama miliyan ɗaya da ’yan kai, kuma sai an kai irin wannan yawa ido ke iya ganin ɗan ɗigon da bai wuce kan allura ba. Shi ya sa ƙa’ida ta tsaya a kan awa 18 zuwa 24 a zafin digiri 35 zuwa 37 kafin dubawar farko. Idan an ga ɗigo mai washasshen zobe, an samu ɓarawo. Idan ba a gani ba, ba a rufe magana, a mayar da faranti ya sake kwana a duba shi a awa 48. Dalilan kwana na biyu suna da yawa. Wani lokaci audugar ’yan ƙwayoyi kaɗan ta kwaso. Wani lokaci ƙwayoyin baki na yau da kullum sun yi mata rumfa. Ɗaya daga cikin dafi biyu da take narkar da jini da su ba ya jure iska, shi ya sa gwanin ma’aikaci kan soka waya cikin agan don wasu ƙwayoyin su shige ƙasa. Faranti mai ɗauke da maganin hana sauran ƙwayoyi tsiro kuwa yana rage wa ita kanta sauri. Masana sun yi ta muhawara a mujallunsu kan wace hanya ta fi, da iska ko babu iska, kwana ɗaya ko biyu, har J. A. Kellogg ya tattara binciken a 1990. Abin da aka zauna a kai shi ne, duk wanda ya zubar da faranti a rana ta farko zai sallami wasu yara masu cutar a matsayin masu lafiya.

To me ya sa ake wannan wahala a kan ciwon da yawanci yakan tafi da kansa cikin mako guda? Saboda abin da ke biyo bayansa. Mako biyu zuwa uku bayan maƙogwaro ya warke, wasu yaran, galibi ’yan shekara 5 zuwa 15, sai zazzaɓi ya dawo da ciwon gaɓoɓi mai yawo, yau gwiwa gobe idon sawu. Garkuwar jiki ce ta rikice, ta juya kan mai ita. Gaɓoɓin sukan warke, amma ƙofofin zuciya ba sa komawa yadda suke, kuma duk sabon kamu yana ƙara musu tabo. Yarinyar da aka ce sanyin ƙashi ne ke damunta tana ’yar shekara tara, ita ce wadda numfashi zai gagara a cikinta na fari.

Sojojin Amurka ne suka warware wannan ƙulli. A sansanin sojan sama na Warren da ke jihar Wyoming, inda cutar ke kwantar da kurata, Charles Rammelkamp da Floyd Denny da Lewis Wannamaker suka nuna a 1950 cewa allurar fenisilin a lokacin ciwon maƙogwaro tana hana wannan zazzaɓi. A 1954 rukunin ya gano wani abu da ya ba faranti daraja: ko an yi jinkirin fara magani har kwana tara da somawar ciwo, kariyar zuciya tana nan. Kwana biyu na jira, ke nan, ba asara ba ce. A wannan shekara kuma Burtis Breese da Frank Disney, likitocin yara a Rochester, suka nuna cewa likita zai iya shuka audugar maƙogwaro a farantin jinin tunkiya a ɗan ɗakinsa. Tsarin ya dace da ƙasar da uwa ke da tarho a gida kuma asibiti na bayan layi.

A Arewa, renon ƙwayoyin cuta ya daɗe yana yi wa shanu hidima. Ɗakin binciken dabbobi da Turawa suka fara a Zariya an mayar da shi Vom a 1924, saboda bushiya ta fi damun gwamnatin mulkin mallaka a kan maƙogwaron ’ya’yan talakawa. Sana’ar awon asibiti ta samu dokar kanta a Nijeriya a 1968, aka sabunta ta a 2003 da kafa majalisar da ke kula da masu wannan aiki. A ƙarshen shekarun 1960 Jami’ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da likitanci, ta riƙe asibitoci a Zariya da Kaduna da Malumfashi. Na Malumfashi shi ne wurin da ɗalibai ke zuwa su ga ciwon karkara da idonsu.

Zariya ta tara gwanaye a shekarun 1970. Ga Eldryd Parry, ga Brian Greenwood, ga Hilton Whittle, ga David Warrell mai binciken saran maciji, ga matasan likitocin Arewa da ke tasowa tare da su. A 1973 Whittle da M. T. Abdullahi da abokan aikinsu suka buga wani bincike da ya haɗa abubuwa uku da mutane ba sa haɗawa: ƙazuwa, ƙuraje masu ruwa, da ciwon ƙoda. Yaro ya yi ta susa, fata ta tsage, sitiref ta shiga, bayan kamar mako uku fuska ta kumbura, fitsari ya ragu ya yi duhu. Littattafan Turai sun fi karkata ga maƙogwaro, amma a ƙasa mai zafi inda yara ke kwana a cunkushe a zaure ɗaya, fata ma babbar ƙofa ce.

Akwai kuma ciwon da bai san jibi ba. Sanƙarau yana iya kashe mutum kafin faranti ya kwana. Wani nau’insa ma dangin sitiref ne ke kawo shi, wato ƙwayar da ke haddasa ciwon huhu, kuma lissafin da aka buga daga Zariya a 1976 ya nuna kusan rabin waɗanda wannan nau’i ya kama ba su tashi ba. Don haka likitocin Zariya suka nemi hanyar tsallake shuka ɗungurungum. A 1971 Greenwood da Whittle suka bayyana hanyar gane ƙwayar sanƙarau daga ruwan ƙashin baya da taimakon lantarki, a ranar da aka kawo majinyaci. A 1974 suka zo da wadda ta fi ta sauƙi, inda ake haɗa ɗigon ruwan da wani sinadari a kan gilashi, a ga ya dunƙule cikin mintuna. Bayan annobar da ta afka wa Zariya a 1977, Sadiq Wali da abokansa suka buga a 1979 gwajin allura guda ɗaya tak ta kuloramfenikol mai mai, wadda ke daɗewa a jiki. Wannan allura ta zama makamin yaƙi da annobar sanƙarau a Afirka shekaru masu yawa. Duka ukun tunani ɗaya ne ya haife su: majinyacin ƙauye sau ɗaya ake ganinsa, don haka a gama da shi a zuwan farko.

A Malumfashi kuwa aka kafa wani shirin binciken cututtukan da suka zauna wa ƙasar, haɗin gwiwar Jami’ar Ahmadu Bello da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool. Takarda ta farko ta fito a 1977 da sunayen A. K. Bradley da Herbert Gilles da Umaru Shehu, farfesan kiwon lafiyar al’umma ɗan Maiduguri wanda ya rasu a 2023. Aka ci gaba da jera takardu da lamba har aka kai ta ashirin. An ƙidaya mutane gida-gida, haihuwa da mutuwa. An auna zazzaɓin cizon sauro, an bi tsargiya har madatsar Ruwan Sanyi, an ƙirga saran kububuwa. Ian Blakebrough ya bi mutanen yankin da audugar maƙogwaro yana neman masu ɗauke da ƙwayar sanƙarau ba tare da ciwo ba, aiki mai wuya, domin ita wannan ƙwaya raguwa ce, ba ta jure bushewa ko sanyi, sai an shuka ta da wuri. Daga wannan rukuni aka samu shaidar cewa rigakafin wancan zamani yana kare mutum daga ciwo amma ba ya hana ƙwayar yawo daga maƙoshi zuwa maƙoshi, giɓin da sai allurar MenAfriVac, wadda ta iso Nijeriya a 2011, ta toshe ga nau’in A na ƙwayar sanƙarau. Maƙogwaron manoman ƙasar Malumfashi ya ba duniya ilimi fiye da abin da duniya ta mayar musu.

Duk wannan lokaci, mai ciwon maƙogwaro a ƙauye yana da waɗanda ba sa ce masa jibi. Na farko wanzami. Cire beli, ko hakin wuya, tsohuwar al’ada ce: ana yi wa jariri a kwanakin farko, ana kuma yi wa babba idan tari ko ciwon maƙoshi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wanzami ya danne harshe, ya yanke, jini ya zuba, iyaye su ga an yi aiki. Bayan ’yan kwanaki ciwon ya lafa, kamar yadda da ma zai lafa, sai yabo ya tafi ga aska. Ƙwayar kuwa ba a belin kaɗai take ba, kuma aska na iya jawo zubar jini da sabuwar cuta. Na biyu mai kemis, wanda zai ƙirga ƙwayoyi daidai kuɗin da ke hannu, na kwana biyu ko uku, alhali fenisilin na sha sai an cika kwana goma yake kakkaɓe ƙwayar. Murray Last, masanin da ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi a farkon shekarun 1970, ya rubuta a 1981 cewa majinyata da masu magani da yawa a yankin ba su cika damuwa da sanin ainihin musabbabin ciwo ba. Ba abin mamaki ba ne. Sani yana da tsada idan sai an je gari sau biyu kafin a same shi, musamman da damina ko lokacin cirar auduga da girbin masara.

Ko da uba ya yarda zai dawo, farantin yana da nasa abokan gaba. Littattafan Amurka sun ce kwana na biyu ana iya barinsa a zafin ɗaki, amma ɗakin da suke nufi digiri 20 ne zuwa 25. A watan Afrilu zafin rana a wannan yanki kan kusanci 40, ya wuce na akwatin ɗumin kansa, da hunturu kuma dare kan sauka ƙasa da 15. Idan aka ɗauke wuta tsakar dare a watan Janairu, agogon ƙwayar ya tsaya, awa 24 ta bango ba ta zama awa 24 ta tsiro ba. Sai kuma maganar jini. Ƙa’ida ita ce kashi biyar cikin ɗari na jinin tunkiya, amma ɗakunan gwaji da yawa a ƙasashe masu tasowa jinin mutum da ya wuce wa’adi a ma’ajiyar jini suke zubawa. Jinin mutum na iya ɗauke da garkuwa ko ragowar magani da ke danne tsiro, zoben ba ya fita sarai, ga haɗarin ciwon hanta da ƙanjamau ga ma’aikaci. Wani bincike da aka buga a 2009 ya tabbatar da cewa jinin tumakin ƙasashe masu zafi, masu gashi maimakon ulu, yana yin duk aikin da ake so. Irinsu ne ’yankasa da uda da balami. Ba a yanka tunkiyar, daga jijiyar wuya ake ɗiba ta koma turkenta, kuma mililita 50 ya ishi lita guda ta aga, wato faranti arba’in zuwa hamsin. Abin takaici ne a ce ƙasar da kusan kowace matar aure ke da tunkiya a bayan ɗaki tana ƙarancin farantin jinin tunkiya.

Kuɗin wannan sakaci zuciya ce ke biya. Wani bincike na hoton zuciya da Mahmoud Sani da Kamilu Ƙaraye da Musa Borodo suka buga daga Kano a 2007 ya samu wannan lalacewar ƙofofi a kusan ɗaya cikin goma na waɗanda hotonsu ya nuna matsala, akasarinsu matasa, kuma da yawa sun zo ne bayan ɓarna ta yi nisa. A duniya, ƙiyasin 2015 ya nuna mutum miliyan 33 ne ke ɗauke da ciwon, kuma ya kashe kimanin 319,000 a shekarar. Wanda ya taɓa kamuwa sai ya riƙa karɓar allurar fenisilin mai daɗewa duk mako uku ko huɗu, shekara da shekaru. Wanda ƙofar zuciyarsa ta lalace sai tiyatar da kuɗinta ya fi ƙarfin rumbunan gida guda. Abin lura, duk da shekara tamanin ana dukanta da fenisilin, har yau wannan ƙwaya ba ta koyi jure masa ba.

Tun shekarun 1980 akwai awon gaggawa da ke ba da amsa cikin mintuna daga audugar maƙogwaro, mai kama da tsinken awon maleriya da kowane ƙaramin asibiti ya sani yanzu. Yakan kuskure wasu, shi ya sa a Amurka ake bin bayansa da faranti idan yaro ne. Taron lafiya na duniya ya zartar da ƙuduri kan wannan ciwon zuciya a 2018, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora da ke cewa a wuraren da haɗarin ke da yawa kuma babu awo, a ba yaron da alamunsa suka nuna sitiref a maƙogwaro magani ba tare da jira ba. Alamun su ne zazzaɓi, zafin haɗiya, kumburin kaluluwar wuya da farin ruɓa a maƙoshi, galibi ba tare da tari ko mura ba. Allura ɗaya ta benzatin fenisilin tana maye gurbin kwana goma na ƙwaya.

Faranti bai mutu ba, domin shi ne alƙalin da ake auna sauran hanyoyin da shi, shi ne kuma ke faɗin wane magani ke ci idan yaro ba ya shiri da fenisilin. Sai dai babu dalilin da zai sa yaro ya yi tafiyar. Saɓanin ƙwayar sanƙarau, sitiref tana rayuwa kwana biyu zuwa uku a busasshiyar auduga, har wasu jihohin Amurka sun taɓa karɓar samfur ta gidan waya. A Nijeriya ma ’yan babur sun saba kai majinar masu tarin fuka daga ƙananan asibitoci zuwa inda na’ura take. Abin da ya rage ga hukumomin lafiya na Jihar Katsina da ƙananan hukumomin Ƙafur da Dandume shi ne su sa audugar maƙogwaro cikin jakar ’yan babur ɗin, su ba ɗakunan gwajin Funtuwa da Malumfashi sola da ’yan tumaki, su aika sakamako ta waya, su kuma tabbatar allurar benzatin ba ta yankewa a asibitin Mahuta. Iyaye kuma, yaron da zazzaɓi da zafin haɗiya suka kama, a kai shi asibiti cikin makon, kafin a kira wanzami.